Ranar da Inna Ta Karɓi Filafili

Mu 'yan unguwar Kilomita Biyar a Bangui ba mutanen kogi ba ne. Kogin Ubangi na nan a gindin gari, tafiyar da ba ta kai a yi mata guzuri ba, amma mu abin da muka sani shi ne shago da masallaci da gida. Kifi a daro muke ganinsa, bisa kan mai talla. Ni kaina har na yi aure na haihu, ganin da na yi wa ruwan nan bai taka kara ya karya ba, shi ma daga tagar mota ne in an bi ta can za a wani wuri.

Mahaifiyarmu, wadda muke kira Inna, ta zo Bangui tana amarya daga wani ƙauye na ƙasar Yawuri. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ɗan kasuwar atamfa da shadda ne a Titin Koudoukou, kuma bayan rasuwarsa wana ne ya riƙe shagon. Ni ce auta. Tun da na buɗe ido Inna ɗaya na sani: mace mai sanyin magana, mai tafiya kamar tana tausayin ƙasa, wadda in ta fita unguwa to biki ne ko suna ko gaisuwar rasuwa, sai kuma ranar Juma'a ta bi tsofaffi 'yan'uwanta zuwa masallaci. Kowace Sallah ni da wana mukan yi ta shawarar abin da za mu ba ta, mu ƙare a turmin atamfa ko mayafi ko turare. Sai ta karɓa hannu biyu, ta yi ta sa albarka har mu ji nauyi, kwana biyu kuma ka ga atamfar a jikin wata amarya 'yar maƙwabta. Ba raini ba ne. Matar da ta yi shekara da shekaru tana ƙetare dilolin atamfa a zaurenta, me turmi ɗaya zai gaya mata?

Wata shekara da rani ƙaninta ya zo mana daga gida. Ya biyo ayarin wasu 'yan kasuwa ta Kamaru, kuma rabonsa da Inna tun ina goye. Ta yi masa tuwon shinkafa da miyar kifi, muka zauna a tsakar gida da la'asar sakaliya, ana ci ana hira. Can sai Kawu ya ɗago kai ya ce, "Yaya, har yanzu kina shiga ruwa kuwa? Da na hango kogin nan naku sai na ce a raina, to, ta samu abin wasa."

Muka fashe da dariya, mun ɗauka barkwanci ne. Na ce, "Kawu, Inna da ruwa? Ko kwatar ƙofar gida in ta cika da damina sai an aza mata katako."

Ya tsame hannu daga kwano yana kallonmu ɗaya bayan ɗaya. "Au, ba ku sani ba? Ba ta taɓa gaya muku ba?"

A nan muka ji abin da ba mu taɓa ji ba. Kakanmu masunci ne, daga Sarkawa. Ya daɗe bai samu ɗa namiji ba, don haka Inna ce ke zama a bayan kwale-kwale tana riƙe masa shi in zai jefa birgi, wato tarun jifa. Kafin ta isa aure ita ke ƙetarar da mata ranar kasuwa, da buhunansu da awakinsu, ita kaɗai. Kawu ya ce akwai ranar da hadari ya taso musu a tsakiyar ruwa, mata na salati awaki na kuka, ta daka musu tsawa ta ce kowa ta zauna inda take, ta kuwa kai su gaci ba a rasa ko kaza ba.

"Ni nan da kuke gani," in ji shi, "ita ta koya mini riƙon filafili."

Inna ta rufe baki da gefen mayafi ta ce, "Kai dai ci tuwonka. Yarinta ce, ta wuce."

Amma ba ta wuce ba. Bayan an kwashe kwanoni ta shiga tambayarsa, tsibirin da suke shanya taru yana nan? Tsamiyar bakin mashaya ta faɗi ko tana tsaye? Ana samun giwan ruwa kamar da? Maganarta ta yi sauri, harshen garinsu ya dawo mata, hannunta na dama kuwa sai kaiwa da komowa yake a iska ba ta ma sani ba. Ina zaune ina kallon mahaifiyata kamar baƙuwa.

Kawu ya koma, maganar ta zauna mini a zuciya. Wata rana na je shago na samu wana yana auna wa wata mata yadi. Da ta tafi na ce masa ina so mu kai Inna kogi, ta shiga kwale-kwale.

Ya ajiye almakashi. "Ke lafiyarki ƙalau? Tsohuwa mai ciwon gwiwa? In ya kife fa? Kuma me mutanen unguwa za su ce, an ga Inna a bakin ruwa cikin masunta?"

Na ce, "Su ce 'yar masunta ta je gida."

Bai yi dariya ba. Ya ce in kuɗin zuwa Umra nake so a haɗa, a haɗa, amma wannan ba da shi ba. Ban yi musu da shi ba, wana ne, kuma tsoronsa na ƙauna ne. Na dai ci gaba da shirina.

Hanyar ma a gida take. Akwai wata mata Kirista daga wajen bakin kogi da ta daɗe tana kawo wa Inna kifi. A shekarun tashin hankali, lokacin da ba mai shiga unguwarmu ba mai fita, mun daina ganinta, kuma da hanya ta buɗe tana cikin na farko da suka dawo da daro a ka. Ranar ita da Inna sun riƙe hannun juna sun daɗe ba su saki ba. Mijinta masunci ne mai kwale-kwalensa. Da na ja ta gefe na gaya mata abin da nake so, sai ta tafa hannu ta ce da Sango, harshen garin, ai dama ta daɗe tana zargin Inna 'yar masunta ce, don ba ta taɓa ganin wanda ke duban idon kifi da jikinsa kamar wannan tsohuwa ba. Ta ce mu zo yanzu da ruwa ya ja baya, yashi ya fito, kogin ya kwanta.

Saura ita mai gayya. Na same ta tana tsince shinkafa na ce, "Inna, ranar Asabar za mu fita da ku."

"Wa ya haihu?"

"Ba wanda ya haihu. Kogi za mu. An samo kwale-kwale."

Hannunta ya tsaya a cikin faifai. Ta ce, "Mi zan je yi, auta? Da girmana? Ku bar ni da mutuncina."

"To, shi ke nan. Ni dai zan je da yara. In kun canza shawara, mota za ta zo da hantsi."

Ranar Asabar na iso da 'ya'yana mata biyu, ina shirin lallashi. Na tarar da Inna zaune a kan kujera a bakin ƙofar ɗakinta, ta gama shiri. Ba kayan fita ta sa ba, wani tsohon zani ne ta ɗaure shi tamau, da ƙaramin mayafi, da silifas. A cinyarta ƙunshi ne, da na leƙa na ga wuƙa da gishiri da yaji da albasa. Ba ta dube ni ba ta ce, "Kun makara. Mai zuwa ruwa ba ya jiran rana ta take."

Muna shiga tasi sai ga wana ya fito daga lungu da sauri, ya buɗe gaba ya zauna. Ya ce ya bar yaro a shago, zai je ne kawai don kada a ce ba namiji a tafiyar.

Muka bi Titin Koudoukou cikin hayaniyar babura da masu canji, muka ratsa tsakiyar gari, muka gangara. Da ruwan ya bayyana, faɗinsa ya ba ni tsoro. Can ƙetare ana hango gidajen garin Zongo, ƙasar Kwango ke nan, ga duwatsu baƙaƙe sun fito a tsakiya, ga fararen tsibiran yashi. Mai kifi na jiranmu da mijinta, wani dogon dattijo mai furfura a gemu. Kwale-kwalensa na gungumen itace ɗaya ne, dogo, siriri. Na aro rigunan ruwa masu hana nutsewa, na sa wa yara, na sa tawa, wana ma ya sa tasa ba gardama. Inna ta juya tata ta duba ciki da baya, ta sa don kada ta ba ni kunya.

Masuncin ya miƙo mata hannu yana cewa, "Yeke yeke, Mama," wato ta bi a hankali. Ta yi masa godiya amma ba ta kama ba. Ta cire silifas ta riƙe, ta tattare zani kaɗan, ta taka ruwa, ta yi bismillah, ta ɗora ƙafa a tsakiyar jirgin cif. Ko motsi bai yi ba. Ni da na shiga kuwa sai da ya yi tangal-tangal har yara suka yi ihu. Ta wuce can baya kusa da inda mai tuƙi ke zama, ta zauna, ta sunkuya ta ɗebi ruwa da tafi ta shafa a fuska.

Muka tashi. Na ƙanƙame gefen jirgi da hannu biyu, ina karanto duk addu'ar da na haddace. Inna ba ta kallon gari, ba ta kallonmu, hannun masuncin take kallo. Da muka yi nisa da gaɓa, ruwa ya yi lumui, sai na ji ta yi masa magana da Sangonta na kasuwa, wanda jikokinta ke yi wa dariya. Ta ce ya ba ta filafilin.

Ya dubi wana, wana ya dube ni. Kafin ɗayanmu ya buɗe baki ta riga ta miƙa hannu, irin miƙawar da ba a ƙin ta. Ya ba ta, ya jawo na biyu ya ajiye a cinya yana jiran ko-ta-kwana.

Ba zan yi ƙarya ba, farkon bai yi kyau ba. Ta tsoma ta ja, jirgin ya karkace ya nufi inda muka fito. Ta sake, ya juya ɗaya gefen. Kafaɗarta ta yi ƙara har na ji. Wana ya ce, "Inna, ku ba shi abinsa, don Allah." Ita kuwa sai ta tuntsire da dariya, irin wadda ban taɓa ji daga bakinta ba, har da hawaye. Ta ce, "Filafilinsu ya fi namu tsawo. Ku dakata." Ta gyara zama, ta tokare ƙafa ɗaya a haƙarƙarin jirgin, ta sauko da riƙonta ƙasa kaɗan. Ta tsoma, ta ja, a ƙarshen ja ta ɗan murza hannu. Jirgin ya miƙe. Ta sake, ya ƙara miƙewa. Daga nan sai tafiya, sumul, ba fantsama, ba ƙara, sai ɗigar ruwa daga bakin itacen. Bayanta da na sani a ranƙwashe ya miƙe tsaye. A hankali ta fara wata waƙa ƙasa-ƙasa da harshen garinsu, tana ja daidai da amonta.

Masuncin ya mayar da filafilinsa ƙasan jirgi, ya harɗe hannu yana murmushi. Wasu masunta da ke jan taru kusa da duwatsu suka miƙe suna nuna mu, ɗaya ya buga gefen jirginsa da tafi, sauran suka ɗauka, suna kiran "Mama! Mama!" Babbar 'yata, wadda Sango ya fi mata sauƙi a baki, ta juyo ta ce da Hausarta mai tsami, "Mama, kakarmu ce ke tuƙa mu!" Na ce, "Ita ce." Na ma manta na saki gefen jirgin.

Wana, wanda ya zo don kada a ce ba namiji, ya zaro waya ya miƙe tsaye zai ɗauki hoto. Jirgin ya yi gefe, ruwa ya ɗan shigo. Inna ta daka masa tsawa, "Zauna! Ba a tsayuwa a jirgina!" Mutum mai gemu, mai 'ya'ya, wanda yaran shago ke rawar jiki in ya yi gyaran murya, ya zauna daɓas kamar ɗan yaye. Daga zaune ya ɗauki hotonsa, kuma na ga yana share ido da hannun riga.

Da ta gaji ba ta mayar wa mai shi ba, ni ta kira. Na rarrafa na koma gabanta, ta ɗora hannuwanta a kan nawa. "Kada ki yi kokawa da shi," in ji ta. "Ruwa ya fi ki ƙarfi. Ki sa, ki jira ya kama, sannan ki ja." Na yi ta juya mu a wuri ɗaya, yara na dariya, ita tana gyara mini gwiwar hannu. Rabon da hannun Inna ya riƙe nawa yana koya mini wani abu tun ina koyon tuƙa tuwo.

Muka sauka a wani tsibirin yashi. Masuntan nan suka biyo mu, suka kawo ƙarfasa da tarwaɗa masu rai, suna son su ga tsohuwar da ido. Ta zaɓi nata, ta tsuguna a bakin ruwa ta zaro wuƙarta. Kafin masuncinmu ya gama haɗa wuta da busassun itatuwan da kogi ya yaso, ta kankare, ta farke, ta wanke, ta tsaga musu baya ta cusa yaji da albasa. Yarana suka durƙusa gefenta, tana faɗa musu sunan kowane kifi da Hausa, su kuma suna faɗa mata na Sango. Mai kifi ta ba mu ƙunshin rogo dafaffe a ganye, muka ci da shi, da hannu, muna hura yatsu. Azahar ta yi, muka yi alwala a kogin, wana ya ja mu salla a kan yashi, masuncin ya koma gefe ya zauna shiru har muka sallame.

Bayan salla maza suka tafi duba taru da yara, muka rage ni da ita a inuwar mayafin da muka kafa da sanduna. Na ce, "Inna, shekarun nan duka, ga kogi kusa, me ya hana ku zuwa? Baba ne?"

Ta girgiza kai. "Ubanku bai taɓa hana ni komai ba. Ban tambaya ba ne. Na zo na tarar matan nan ba su san ruwa ba, na ji kunya a ce matar mai shago 'yar masunta ce. Sai haihuwa, sai reno, sai baƙi. Da kuka girma kuma sai fitina ta zo, mutum na neman ya kwana lahiya wa ke ta kogi?" Ta ɗebi yashi tana zubarwa ta tsakanin yatsu. "Amma duk sa'ad da aka yi ruwan sama, in na ji ƙamshin nan, sai na ga Babana a gaban jirgi da birgi a kafaɗa. Yau na gan shi sosai." Sannan ta ce, "Allah Ya yi miki albarka, auta. Allah Ya ba ki masu yi miki."

Na sha jin wannan addu'ar daga bakinta. Ranar ce kaɗai na kasa cewa amin da ƙarfi.

A komowa ita ta tuƙa har gaɓa. Da ta sauka, masuncin ya cire hularsa ya ce, "Singila mingi, Mama," yana mata godiya kamar ita ta ɗauko shi. A cikin tasi barci ya kwashe ta, kanta a kafaɗata, ƙafafunta duk yashi.

Kafaɗar ta rama, ba shakka. Kwanaki ina zuwa ina shafa mata man zafi, tana cije baki tana cewa ba komai. Hoton da wana ya ɗauka kuwa ya zaga wayoyin unguwa har unguwar Yakité. Wasu suka yi ta sa albarka, wasu suka taɓe baki. Wani dattijo ya tare wana a ƙofar masallaci ya ce bai dace a kai tsohuwa irin wannan wuri ba. Aka gaya mini wana ya ce masa, cikin ladabi, "Baba, sana'ar ubanta ce, kuma halal ce. Mu ne muka makara ba mu kai ta ba."

Cikin masu taɓe bakin har da wata aminiyar Inna, Hajiya maƙwabciyarmu, wadda ta zo dubiya ta ce, "Ke kam kin ba da mu, sai ka ce yarinya." Inna ta ce, "Haka ne," ta ci gaba da ba sauran mata labarin yashi da gasasshen kifi da iskar da ba hayaƙin babur a cikinta. Hajiya ta zauna tana ji. Da za ta tafi, ta tsaya a bakin ƙofa tana gyara mayafi ta ce, "Wai shi jirgin, mutum nawa yake ɗauka?"

Kafin ruwan sama ya sauka kogi ya cika, sai da aka sake komawa. Wannan karon ba ni na shirya ba, Inna ce ta aika wa mai kifi da kanta. Tsofaffi huɗu ta kwasa, ƙawayenta na Juma'a, matan da wasunsu an haife su a Bangui ba su taɓa taka ruwan Ubangi ba. Aikina kawai in samo mota da rigunan ruwa. A bakin gaɓa Inna ta tsaya cikin ruwa zuwa idon sawu tana shigar da su ɗaya bayan ɗaya, tana nuna wa kowa inda za ta sa ƙafa da inda za ta zauna. Hajiya ta rufe ido tana ta Hasbunallahu, ta riƙe mayafin ta gabanta kamar za ta yaga shi.

Da suka gama zama babu sauran wuri. Inna ta dube ni ta ce, "Ke jira mu nan, auta, ki kula da takalma."

Na tsaya da silifas ƙafa biyar a gabana. Masuncin ya tura jirgin ya haye gaba, Inna na baya da filafili. Wata mata mai wanki a gefena ta daina cuɗa, ta sa hannu ta kare rana tana kallonsu, ta tambaye ni da Sango ko na san tsohuwar nan mai tuƙi. Na ce mata mahaifiyata ce. Daga can tsakiyar ruwa ina jiyo muryar Hajiya, salatin ya koma dariya.